Rasuwar Guntun Dogo na Tashar Jira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Na'Allah, Sarkin Tashar Jira da ke kan hanyar Kazaure zuwa Roni, nake sanar da jama'a rasuwar abokin zamana Guntun Dogo, ƙarfen nan da ke rataye a tsamiyar tasha. Ya rasu ranar Laraba da hantsi a maƙerar Mamuda, a gaban mutanen da ko ɗayansu bai sunkuyar da kai ba.

Marigayi haifaffen ƙasar Turawa ne. Ya iso garin nan a kan raƙumi, a shekarar da masu awo suka kakkafa turaku daga Kano suka ce jirgin ƙasa zai ratsa mu ya nufi Daura. Aka tara maza suka yi tudun hanya da kwando da fartanya, aka gina rumfar tasha, Baturen awo ya miƙa min guduma ya ce in riƙa buga ƙarfen idan jirgi ya taso. Daga baya layin dogo ya yi gabas, ya tafi Nguru abinsa. Turakun gara ta cinye. Marigayi kaɗai ya zauna da mu. Tsawonsa bai fi na mutum ba, amma shi ne iyakar hanyar jirgin da garin nan ya taɓa samu.

Babu wanda ya zo ya ce in daina bugawa, don haka ban daina ba. Da hantsi jirgin Kano, da la'asar jirgin Daura, ranar kasuwa har da jirgin kaya. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Da ka ji, sai ka janye jikinka da dabbarka daga kan tudu. Akuyar da muryar marigayi ta riska a kan hanya, jirgi ya take ta ke nan, kuma abin da jirgi ya take na tasha ne. Jahilai suna cewa ai babu jirgin. To, a nuna min akuya ɗaya da ta koma gida! Fasinja bai taɓa makara a tasharmu ba, ba a taɓa yin karo ba. A je Kano a tambaya ko su za su iya faɗin haka.

Marigayi bai san son kai ba. Da hakimi ya ga amfanin muryarsa, sai ya zama marigayi ke kiran gyaran hanya, shi ke kiran dakon gyaɗa zuwa Kano, kuma bai taɓa duba cewa wane yana shuka ko wane yana jinya ba. Lokacin yaƙin Bama, da aka zo ɗiban gwamna na masu aikin kuza na tilas, ya yi kira ɗaya mai tsawo, ƙwarrr, har Halliru wan Mamuda ya fito daga sunan ɗansa da loma a hannu. An ce sanyin Jos ne ya kama masa ƙirji, ya rasu a can. Wannan tsakaninsa da sanyi. Shi dai marigayi ya kira shi a kan lokaci.

Ciwon ajali ya fara masa ne da 'yar tsaga a gefen hanci, inda igiya ke shiga. Murya ta shaƙe, ƙwal ta koma kaf, kamar an bugi fasasshiyar ƙwarya. Wallahi na yi kuka. Da sauran numfashinsa na kira majiya ƙarfi suka ɗauke shi zuwa maƙera, don Mamuda ne kaɗai maƙerin da muke da shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ranka ya daɗe, ciwo ne mai sauƙi, wuta yake so. Ya zuga masa wuta har ya yi ja wur, sannan ya ɗauko tulun ruwan sanyi ya juye masa gaba ɗaya. Maganar marigayi ta ƙarshe ita ce tasss. Tsaga ta ratsa shi daga sama har ƙasa. La'anannen ya goge hannu a walki ya ce kwana ne ya ƙare. Uwa, matar Halliru, ta rangaɗa guɗa a bayan danga, wai kunama ce ta harbe ta.

Ya rasu ya bar guduma, wadda ta yi zawarci a ƙarƙashin gadona. Da igiya, tana ta lilo a reshe kamar mahaukaciya. Da jirage uku marayu, waɗanda tun Laraba babu wanda ya sanar da wucewarsu. Ya bar ni. Na aika wa hakimi da ta'aziyya, ya aiko cewa tashar da ba ta da ƙarfe ba ta bukatar sarki. Jiya da la'asar, daidai lokacin jirgin Daura, wata gurguwar akuya ta kwanta a tsakiyar tudu tana tuƙa tana kallona.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gindin tsamiya. Kabarin ni na haƙa, da wannan bayan nawa. Gawa tana maƙera, kuma Mamuda ya ce in ta kai Asabar a can zai sassare ta ya yi fartanyu, Uwa ce ma ta fara kama layi. Na tsaya a tasha na yi kira da baki har muryata ta dushe, masu wucewa suna tambayata ko jirgi ne ya makara. Saboda haka nake sanarwa: ba dole, wanda ya ga dama ya zo. Mutum ɗaya nake roƙo, don Allah, ɗaya tak, ya kama min ɗaya gefen. Na gwada, ni kaɗai ba na iya ɗaga shi.