Ƙotar Gizagon Tsoho

"Lafiya lau, sai alheri. Amma ban gane baƙon ba. Daga wace ƙasa?"

"Daga Karaye, ranki ya daɗe. Mijinki ne."

"Mijin da rabona da shi tun kafin a cire gyaɗa? Ai na yi idda na gama."

Haka Inna Tani ta tari jikanta Abdulmutalib da hantsi a tsakar gidanta na Rogo. Sunan kakansa ya ci, marigayi Tsoho masassaƙi, shi ya sa bakinta bai taɓa kama sunan ba, sai dai ta ce Ɗanmaliki. Karaye da Rogo ba wata tafiya ba ce a babur, amma tun da ya buɗe ɗan shagon gem, inda samari ke wasa a talabijin, ƙafarsa ta ɗauke. Kewarsa take yi, kowa a gidan ya sani, amma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Ya kwance wani akwati daga bayan babur ya ajiye a tabarma. Ja ne da ruwan gwal, ƙananan fitilu sun kewaye shi, maɓallai shida a jere kamar tauraro, ga wata 'yar sanda mai kan gilashi.

"Iko sai Allah! Lefena ne ya iso bayan shekara ashirin da biyar?"

"Wa zai yi wa mai haƙori biyu lefe?"

"Biyun sun ishe ni cizon kunnenka. Mene ne wannan?"

"Abin buga gem ne, da hannuna na haɗa. Ki juya sandar, mutumin da ke cikin talabijin ya yi tafiya. Ki danna maɓalli, ya kai naushi. Duk Karaye babu irinsa."

"To me ya kawo shi Rogo? Ganin dangi?"

Ɗanmaliki ya sosa ƙeya. Maganar gaskiya, samari suna zuwa su ɗauki hoto da akwatin, sannan su tsallaka shagon maƙwabcinsa su yi wasa da wani tsohon akwatin katako da ko fenti babu. Da ya faɗa mata, Inna ta yi dariya har da tari. Ta kama kan gilashin ta juya, hannunta ya sulɓe.

"Kai, ka taɓa ganin muciyar gilashi? Mutum ya yi gumi ya riƙe wannan da me?"

"Ado ne, tsohuwa. Ba ki san zamani ba."

"Na san hannu. Su kuma waɗannan, yatsunka a tauraro Allah ya jera su? Miƙo hannun nan naka mai kama da na ƙadangare."

Ta ɗebo laka a gindin randa, ta mulmula, ta shimfiɗa a kan faifai, ta danna hannunsa a kai. Yatsu suka bar gurbi a lanƙwashe, babu wanda ya yi kusa da tauraro.

"Nan za ka sa maɓallanka. Haka kakanka yake yi. Ba ya sassaƙa wa mutum ƙota sai ya ba shi laka ya damƙa, ya ga yadda hannunsa yake kamu. Wanda ya ce a yi masa zane, sai ya ce ya je wajen masu ƙwarya."

"Ashe kina da ilimi. Da na sani da ban sake ki ba."

"Ni na sake ka, ga shaidu."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan ƙofar ɗakinta. Ta lura, don tun yana rarrafe ta san kallonsa na roƙo.

"Faɗi abin da ya kawo ka."

"Ƙotar gizagon Tsoho. Ita nake so in sa a madadin gilashin. Kamu ɗaya zan yanka, in goge, in fesa mata ruwan gwal."

Fara'ar Inna ta ɗauke. Kayan sassaƙar Tsoho duk an raba, har ƙarfen gizagon wani ƙanensa ya ɗauka. Ƙotar kaɗai ta rage mata. Shekara tara tana rataye a ƙusa saitin gadonta, tana sauke ta lokaci-lokaci ta shafa mata man gyaɗa.

"Ka fesa wa goshinka ruwan gwal, ko ka samu mata. Ka san abin da za ka goge? Akwai wani ɗan lotso a jikinta, wurin babban yatsansa. Shekara arba'in yana riƙo kafin icen ya yarda ya lotsa. Duk gidan nan nan ne kaɗai hannunsa ya rage. In kewarsa ta ishe ni, nan nake sa yatsana."

Ɗanmaliki ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Inna. A bar maganar."

"Ka ga ragon miji! Daga tsawa ɗaya har ya tuba. Zauna."

Ta shiga ɗaki, ta daɗe, sannan ta fito da ƙotar, baƙa wuluk tana sheƙi. Ba ta miƙa masa ba, sai ta ce ya cire gilashin. Ya kwance, ƙarfen sandar ya rage tsirara. Ita ta riƙe ƙotar, shi ya naɗe su tare da robar da yake ɗaure kaya a babur. Akwatin da ya shigo kamar ango ya koma kamar an dasa masa rogo a ka.

"Wallahi ya yi muni."

"Ya yi kama da mai shi. Kunna mu gani."

Ya jona da wayarsa, ya jingina ta da turmi. 'Yan dambe biyu suka fito. Inna ta kama ƙotar, yatsanta ya faɗa lotson nan da kansa. Ta tura, ɗan damben ya matsa. Ta ja, ya ja da baya.

"Danna jan, Inna! Danna!"

"Kar ka koya mini faɗa, na girmi ubanka!"

Ta dinga dukan maɓalli da tafin hannu har abokin karawar ya zube. Ɗanmaliki ya yi ihu, kaji suka watse. Ita kuwa ba ta saki ƙotar ba. Sai murza lotson take yi da yatsa.

"Shekara tara ba ta yi aikin komai ba," ta ce a hankali. "Kakanka kuwa babu abin da ya tsana kamar zaman banza."

Ta share ido da bakin mayafi, ta harare shi.

"Ba yanka, ba guga, ba fenti."

"Na ji."

"Kuma ba kyauta ba ce, aro ne. Duk ranar kasuwa ka ɗauko mini mijina ya zo ya gaishe ni."

"Ai ni ne mijin."

"Kai ɗan acaɓa ne. Shi nake son gani, kai ka tsaya a zaure."

Ɗanmaliki ya fashe da dariya ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama, uwargida. Duk ranar kasuwa."

Ya ɗora akwatin a babur, ƙotar ta yi tsaye a baya, ya ɗauki faifan lakar a hankali don kar gurbin ya lalace. Inna ta rako shi har bakin zaure, abin da ba ta saba ba. Sai da ya tayar da babur ta ɗaga murya.

"Kuma ku zo da wuri. Ba ya son tuwo ya huce."