Waƙar Niƙata a Gaban Manyan Gari

Ƙawata Yelwa, matso ki ji abin da ya faru da mu ranar Asabar.

Kin san autana Tanimu, wanda ya je ya karanto kiɗa. To, ya shirya wani wasa wai shi opera, inda ba mai magana, ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera. Malam maigidana kuwa tun farko ya gindaya masa sharaɗi: zai je ya gani da idonsa, in shirme ne, Tanimu ya koma shagon yadi ya zauna.

Muka je zauren wasan, na zauna can gefe da carbina. Ba ganga, ba kalangu. Wata yarinya ta fito ta ja murya a hankali, ta zuba kalmomi da sauri kamar ana korarta, sai ta tsaya cak. Wallahi muryar waƙar niƙata ce, wadda nake yi a bakin dutse duk ranar da Malam ya ɓata mini rai! Yaron nan yana goye a bayana yake jin ta, shi a zatonsa gargajiya ce kawai.

Da yarinyar ta sake tsayawa, zauren ya yi tsit, manyan gari sun lumshe ido. Sai ga muryar Malam, kansa a sunkuye: "To, na ji. A yi haƙuri."

Na ja mayafi na rufe fuska, ina ta istigfari.

Da aka tashi ana ta tafi, wani mai tabarau ya riƙe hannun Tanimu ya ƙi saki.

"Ɗan samari, ka yi abin tarihi! Waƙa mai tafiya kamar magana, ba ta bin bugun kiɗa, sai numfashi. Shirun nan na tsakiya kuwa, ai nan fasahar take. Me yake nufi?"

Tanimu ya gyara wuyan riga. "Ranka ya daɗe, shirun zuciyar talaka ne."

Malam ya ce, "Wane talaka? Nan ne mahaifiyarka take jira in ba ta haƙuri. In na yi jinkiri, baiti na biyu ya fi zafi."

Mai tabarau ya ce lalle wannan fassara ce mai zurfi, ya wuce.

A hanyar gida jikin Tanimu ya yi sanyi. Can ya ce, "Baba, ke nan gobe in fito shago?"

Don Allah, Yelwa, amsar nan ta tsaya tsakaninmu, ko 'yan islamiyyarmu kada su ji. Malam ya dube ni, ya dube shi, ya ce:

"A'a, riƙe sana'arka. Sai dai tunda akwai masu tafa wa wannan faɗan, gobe ka tafi musu da mai shi, ni in huta."