Ranar da na jiƙa ƙanzon Marta

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na je yin gwaninta a kicin ɗin mutane ba. Lokacin ina aiki a wani ofishin jigilar kaya a Deira, can ƙasar Larabawa, oga ya tura ni koyon Sifaniyanci saboda sababbin kwastomomin da muka fara samu. Tsarin makarantar shi ne sai ka zauna wata guda a gidan masu harshen, ka ci ka sha tare da su har bakinka ya buɗe. Ni aka kai ni unguwar Al Qusais, gidan Marta da mijinta, mutanen kirki masu son raha.

A sati na biyu uwar mijin Marta ta zo daga Sifaniya. Tun ana saura kwana uku Marta ta rasa sukuni. Da ɗan guntun Sifaniyancina na gane cewa shekara shida da auren, tsohuwar ba ta taɓa yaba shinkafarta ba, wata dafa-duka da kaza da suke kira paella, wadda ake yi a faffaɗan kasko. Ta ba ni tausayi ƙwarai. (Zancen uwar miji ai ba ya bukatar tafinta.)

Ranar Lahadi Marta ta sauke kaskon, ta lulluɓe shi da tawul, ta shiga sauya kaya. Ni kuma uwar karambani na leƙa. Ina sa cokali na ji ƙasan ya kama. Ƙanzo! A gidanmu na Fagge, ki kai wa baƙo abinci da ƙanzo, Umma sai ta yi sati tana mita. Na ce yau kam sai na rufa wa baiwar Allahn nan asiri. Na kwashe saman tsaf na zuba a kulata mai furanni da na taho da ita daga Kano, na kai kaskon wurin wanke-wanke na cika shi da ruwa (har da sabulu, kada a ce ban samu tarbiyya ba). Na ajiye kula a tsakiyar tebur, na gyara ɗankwali, na zauna jiran godiya.

Tsohuwar ta fito riƙe da cokalin katako. Ta dubi kula, ta dube ni, ta tambayi ina kasko. Marta ta shiga kicin. Can ta fito da shi, kumfa na ɗiga a ƙasa, ido ya cika da ƙwalla.

Mijin ne ya yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Ashe a cikin kaskon ake ci, kowa da cokalinsa. Ashe ƙanzon nan shi ne abincin, shi ake rububi, shi kuma tsohuwar take dubawa ta yanke hukunci. Kuma yau ne karon farko da ya kama wa Marta yadda ake so.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sifaniyancin sati biyu ya gudu ya bar ni, sai ba da haƙuri nake da Hausa zalla.

Tsohuwar ta karɓi kaskon, ta tsiyaye ruwan, ta sa cokali ta kankaro ƙanzon, ya taso falle guda, jawur, ba ɗigon baƙi. Ta juya shi, ta ƙare masa kallo, sannan ta dubi Marta.

"Wannan ya yi, 'yata. Nawa ma ba ya fin haka."

Ta nuna ni da cokali. "Ke kuma daga yau iyakarki falo."

Sai ta fashe da dariya har tana dafa tebur. Marta ta rungume ni, tana kuka tana dariya. Muka ci shinkafa a kular Kano, tsohuwar har da ƙari. Da na ba Umma labari a waya, cewa ta yi da ta san akwai ƙasar da ake girmama ƙanzo haka, da tuni ta yi suna.

Sifaniyanci dai na iya shi daga baya. Amma tun daga ranar, kafin in rufa wa mutum asiri, sai na fara tambayarsa ko ya fi son sa a buɗe.