Duman da Ya Kwaɓe Bangon Biro

Ba zan taɓa iya mantawa da ranar da na kunyata kaina a Tanut ba. Bayan fari ne, cikin shekarun tamanin, ina ƙaramin sakatare a wani biro, wato ofishin gwamnati, na ginin ƙasa. Aka kawo mana kalanda daga Yamai mai hoton dogon bene, ganye ya lulluɓe shi har sama. Kowa ya gani ya wuce. Ni kuwa sai na tuna dangar Inna a garinmu Falanko, yadda duma ke hawanta da damina, mu zauna gefe muna shan fura. Fari ya tashe mu daga can, Inna ma ta rasu. Kewa ta hana ni sakat.

Sai na shuka duma a gindin bangon biro, na kakkafa ƙusoshi, na ja igiyoyi. Ruwan wankana nake rabawa biyu in ba shi (wata uku ban yi wankan kirki ba). Baba Ari, tsohon mai gadinmu, mai kira na Mushe (wato malam da Faransanci), ya ce, "Mushe, ginin ƙasa ba ya son ruwa a ƙafa." Na ce, "Baba, zamani ne, ba za ka gane ba."

Duma ya hau, bango ya yi kore shar. Makiyayan Tenhya masu zuwa neman takarda har shafa ganyen suke yi. Kullum da safe nakan tsaya gabansa in ji kamar ina gida.

Ranar da babban darakta ya zo daga Damagaram, ni da bakina na roƙe shi ya tsaya a ɗauki hoto. Na janyo wata igiya mai 'ya'ya don su fito sosai. Sai yaɓen da ya daɗe yana shan ruwa ya ɓamɓaro, da laka da ganye, ya rufto mana. Farin kaftanin darakta ya koma ja. Bai yi faɗa ba. Ya cire ganye daga hularsa, ya ce, "To, wa ke da gonar?" Duk ido ya dawo kaina.

Kafin la'asar aka sa na tumɓuke duman da hannuna. Dariyar mutane ba ta yi mini zafi kamar ganin bangon tsirara ba. Na ɓuya bayan biro na yi kuka, ƙato da ni.

Abin da na koya dai: in kewar gida ta kama ka, nemi wanda za ka faɗa wa. Bangon gwamnati ba ya iya ɗaukarta.