Ranar da Na Sa wa Mashin Takalmin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da guntun katakon nan ba, ko da na tsufa haƙorana sun zube. Wani ɗan falle ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, wanda yayana Auwal ya huda ya ɗaure da igiya a bayan mashin ɗinsa. Ni kuma, da wannan kan nawa mai kama da na masu hankali, na kwance shi na wurga cikin kwata. Laifinsa ɗaya: yana ɓata wa mashin gayu.

Yaya Auwal malamin firamare ne, kuma duk unguwarmu ta Federal Low-Cost an san irin ƙaunar da ke tsakaninsa da mashin ɗin nan. Safe ya goge, yamma ya goge. Umma har cewa take yi duk ranar da ya sami matar da zai riƙe haka, ita ta gama addu'a a kansa. Ni kuwa wata shida ina roƙon a bar ni in ɗana, abin da nake samu kawai shi ne bokiti da tsumma.

Sai ga wata Asabar cikin marka, za a ɗaura auren abokinsa a unguwar Barunde. Shi a motar abokan ango zai tafi, amma yana son mashin ya same shi a can saboda dawowa. Ya kira ni yana jujjuya makulli a yatsa.

"Daga nan sai Barunde, ban da gudu, ban da burga. In ka kai shi lafiya, kowace Asabar makulli naka ne. In kuwa jikinsa ya taɓa ƙasa, ko da bakin madubi ne, kai da shi sai dai kallo har ka ga jikokinka."

"Haba Yaya, ni ne fa."

"Ai shi ya sa nake faɗa. Kuma in za ka kafe shi, ka sa katakon nan a ƙarƙashin jak. An kwana ana ruwa."

Na ce to, har da rusunawa. Motarsu na shan kwana na kai wa katako hari. Abokina Istifanus, ɗan ajinmu da ya zo daga Herwagana don mu buga ƙwallo, yana tsaye yana kallona.

"Kai, ba shi Yaya ya ce ka yi amfani da shi ba?"

"Ka taɓa ganin babban gaye da katako yana reto a bayansa kamar akuyar da aka rataya wa ƙararrawa? Hau mu tafi."

Muka isa lafiya lau (a nan dai ku yaba mini, ko kaza ban tsorata ba). An kafa rumfa a ƙofar gidan amarya, manya sun zauna a kan tabarmi, takalmansu tsibi guda a bakin shimfiɗa. Mashina kuwa sun jeru kafaɗa da kafaɗa kamar kifin banda a tire. Gurbi ɗaya ya rage a ƙarshen layi, dab da takalman, tsakanin mashin na ƙarshe da wata farar mota mai ɗaukar ido. Na cusa kai ciki. Sauran mashina a hannun damana, mota a haguna, wato ɓangaren da mashin yake kishingiɗa in an kafe shi.

Na shuri jak, ƙarfen nan na gefe da mashin ke jingina a kai, na diro ina gyara hula ko wani zai gan ni. Sai na ji Istifanus yana cewa, "Mashin ɗin nan akwai ladabi. Ga shi yana durƙusa wa mota."

Na waiga. Jama'a, yashin Barunde in ya sha ruwa munafuki ne: sama a bushe, ƙasa kunu. Jak yana nutsewa a hankali, hannun mashin yana tafiya kai tsaye wurin ƙofar farar motar nan. Na yi tsalle na rungume shi kamar uwar da ta ga ɗanta a bakin rijiya. Na gwada ɗora shi a babban jak na tsakiya, ya nuna mini cewa kokon safe kawai na sha.

"Istifanus, dutse! Nemo dutse mai faɗi!"

Ya ruga. Na tsaya riƙe da mashin, gumi yana bin bayana, ina tuna katakona yana can cikin kwata yana hutawa.  Na duba ƙasa, babu abin da ƙafata za ta iya kaiwa sai takalman mutane. Za ku ce me ya hana in sa nawa? Kambas ne mai igiya, hannuwana kuma duka biyu suna aiki. (To, kuma sabo ne. Na faɗa, ku huta.)

Na miƙa ƙafa na jawo wanda ya fi kusa. Baƙin takalmin fata ne mai buɗaɗɗen baya, faɗinsa kamar kwale-kwale, tafinsa da tauri kamar ƙofa. Na ɗan ɗaga mashin, na tura shi, jak ya zauna daram a wurin dunduniya. Na saki hannu. Ko motsi! Na ce a raina minti biyu kawai, da dutse ya zo zan mayar wa mai shi, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Abin da ban sani ba, liman ya hango hadari. Auren da na sa ran za a yi rabin awa ana jan sa, kafin in share gumi sai na ji maroƙi ya kwarma, "Fatiha! Aure ya ɗauru!" Mutane suka miƙe, kowa yana laluben takalminsa.

Kowa ya samu, sai mutum ɗaya. Alhaji Bappa, waliyyin ango, dattijo mai babbar riga da ta sha aiki, yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar balbela, wasu mutum biyu suna riƙe da shi. Aka fara salati. Wani ya ce ɓarayin takalma sun addabi gari. Alhaji ya ce, "Wane irin ɓarawo ne zai ɗauki ƙafa ɗaya ya bar mini ɗaya? In don Allah ne ya dawo ya haɗa."

Ni dai na tsaya a gaban jak, na baza jamfa, ina taya su dube-dube da ido. Har kai na girgiza na ce, "Mutane ba tsoron Allah." Da na tsira. Wallahi da na tsira, ba don Istifanus ya ɓullo da bulo guda a ka ba, yana haki. Ya leƙa bayana, ya buɗe muryar nan tasa ta mawaƙan coci:

"A'a! Har ka sa masa takalmi?"

Ban taɓa sanin mutum ɗari za su iya juyowa lokaci ɗaya ba. Aka dare, aka bar hanya tsakanina da Alhaji. Ya taho, ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya safa a cikin jiƙaƙƙen yashi. Ya dubi jak, ya dube ni, ya sake duban jak. Na roƙi ƙasa ta haɗiye ni kamar yadda ta so haɗiye ƙarfen, ta ƙi.

"Yaro, ɗan gidan wane ne kai?"

Kafin in ƙirƙiro wani gida, Yaya Auwal ya ratso taro. Fuskarsa kawai na gani na yi wa Asabar ɗina bankwana.

"Ranka ya daɗe, ƙanena ne, a yi haƙuri." Ya juyo kaina, murya ƙasa-ƙasa. "Ina katakon?"

"Yaya, ya… ya sauka a hanya."

"Cire takalmin nan yanzu."

Na sunkuya ke nan, sai maroƙin nan, wanda gajere ne kuma ba ya son labari ya wuce shi, ya taka mashin na farkon layi don ya hango abin da ake yi. Shi ma mashin ɗin nan jak ɗinsa a yashi yake. Ya tafi. Ya bugi na biyu, na biyu ya bugi na uku, ƙaf, ƙaf, ƙaf, madubai na fashewa, masu mashina na ihu, abin yana tahowa wurinmu kamar ruwan kwari. Yaya ya dafe kai. Na ƙarshe ya faɗo wa namu da dukkan nauyin 'yan'uwansa.

Namu ya girgiza. Takalmi ya yi ƙara. Sai ya tsaya.

Ya tsaya, jama'a! Tsakanin hannunsa da ƙofar motar nan bai fi yatsu huɗu ba.  Alhaji ya tako a hankali, ya zura tafin hannunsa a wannan ɗan tsakanin, ya shafa fentin. Ashe motarsa ce.

Na sake sunkuyawa don in ciro masa kayansa. Ya daka mini tsawa: "Kai! Kada ka taɓa! Bar shi a nan sai an ɗaga sauran."

Aka fashe da dariya. Maroƙi, don a manta shi ya jawo abin, ya karkaɗe riga ya fara yi mini kirari, wai yaro mai dabarar manya, wanda ya ga abin da dattawa ba su gani ba. Na gyara hula. Wasu masu mashina har tambayata suke yi wace irin hikima ce wannan, na tsaya ina yi musu bayani cewa yashi ba ya riƙe tsini, sai an ba shi abu mai faɗi, ko katako, ko dutse, ko gwangwanin da aka take. Ina yi ina kauce wa idon Yaya, don kalma bayan kalma karatun da ya sha yi mini ina goge mashin nake maimaitawa.

Abin da na koya: in babba ya rataya wani abu mai muni a jikin kayansa, kada ka tambayi kyansa, tambayi aikinsa. In kuma dole sai ka ari takalmi, ka duba na mai motar.

A makaranta na ce mashina talatin ne suka zube. Bakwai ne. Takalmin Alhaji ya huje a dunduniya, da silifas ɗin gidan amarya ya koma gida. Mashin ɗin Yaya ya sami ɗan ƙarce a salansa, amma bai taɓa ƙasa ba, kuma sharaɗi ƙasa aka ce. Da yamma ya tsaya a kaina na shiga kwata na lalubo katakon, na wanke shi da omo. Asabar ta gaba ya ba ni makulli, a ɗaure jikin katakon.