Rawanin Nomau a Maƙoshin Raƙumi

Wani mutum ne a majalisarmu ta bakin tasha a Tasawa, sunansa Nomau, mai shagon katifu. Shi ya raɗa wa kansa suna Ci-Hamada, kuma in ka kira shi Nomau zalla sai ya yi kamar ba da shi kake ba. Gajere ne, da tumbi irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. Daga shagonsa zuwa masallaci ma sai ya hau babur. Amma zauna ka ji bakinsa!

"Ni da na ratsa hamadar Tenere a ƙafa da gora ɗaya ta ruwa, na dawo da rabi na ba maƙwabta? Kunama ta taɓa harbi na a Bilma, wallahi ita aka yi wa jinya!"

Mu dai mu sha shayi mu ce, "Sai kai, Ci-Hamada." Ba mu taɓa ganin ya wuce Dakwaro ba.

Ran nan Jaɗi direba, mai kai kaya Agadas, ya zo da hoto a wayarsa. Wani dutse ne ja a cikin duwatsun Abzin, ya lanƙwasa daga wannan tsauni zuwa wancan, gada sosai, ba hannun ɗan Adam a jikinta. Muna ta salati muna miƙa wa juna wayar. Nomau ya leƙa da gefen ido, ya ja tsaki.

"Wannan ce ta ba ku mamaki? Ai sunana na jikinta. Da hannuna na sassaƙa shi tun ina saurayi."

Jaɗi ya ce, "Ban gani ba."

"Ta ɗaya gefen yake, inda hotonka bai ɗauka ba."

Alhaji Mati, dattijon majalisar, mutum ne da ba ya yawan magana, amma in ya yi sai an kwana ana juya ta. Ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "To madalla. Dama majalisar nan ba ta da madugu. Mu shirya mu je. In mun ga sunanka, a ƙarƙashin gadar zan naɗa maka rawanin Madugu da hannuna. In ba mu gani ba, Ci-Hamada ya rasu, ka koma Nomau Katifa har gaban abada."

Nomau ya haɗiye shayi da zafinsa. Ya ce, "Na yarda." Muryar kam ta ɗan yi siriri.

Aka shiga shiri. Alhaji ya sayo farin rawani sabo dal, Jaɗi ya tanadi buhun shinkafa da galan na man shanu saboda walimar naɗi. Kowa ya nemo tsohuwar riga da takalmin roba. Ban da Nomau. Shi cewa ya yi ba a naɗa mutum cikin tsumma. Ranar tafiya sai ga shi cikin sabuwar shadda hawa uku, 'yar ciki da jamfa da babbar riga, an zuba mata sitati har in ka cire ta ka ajiye za ta tsaya da kanta ta gaishe ka. A ƙugunsa ga wani guru mai kaurin tayar keke, wai na kakansa ne, maganin ɓatan hanya. Yana tafiya shaddar na ƙara, kwaram kwaram, wani abu kuma na amsawa daga aljihu, ƙwal ƙwal.

Na ce, "Me ke ƙara a aljihun nan?"

Ya ce, "Sirrin matafiya ne. Ba na yara ba."

Motar Jaɗi ta kai mu inda hanya ta ƙare. Nan muka samu mai yi mana jagora, wani Buzu dogo siriri mai suna Agali. Muka kama tafiya a ƙafa cikin busasshen rafi, yashi na cinye sawu, duwatsu baƙaƙe ta ko'ina. Ba mu yi nisa ba Ci-Hamada ya fara huci kamar zugazugin maƙeri. Na ce ko mu huta? Ya ce ba gajiya ba ce, wata dabarar numfashi ce da ya koyo a wurin 'yan ayarin gishiri.

Hantsi ya ɗaga muka iso gindin wani tsauni da ya tsage daga sama har ƙasa. Tsagar siririya ce, duhu a ciki, iska mai sanyi na fitowa. Agali ya ce sunan wurin Maƙoshin Raƙumi. Ya ce hanya biyu ce zuwa gadar. Doguwar ta zagaya tsauni ta hau sama, ta sauke ka a kan gadar. Gajeriyar ita ce wannan tsagar, amma awaki ne ke bi, sai ko mutum irinsa.

Idon Nomau ya yi wal. Daga baya muka gane lissafinsa: in ya bi gajeriyar, zai riga mu isa, ya yi abin da zai yi kafin mu ƙaraso.

Ya ce, "Ku bi Buzu ku zagaya. Ni ta nan na saba bi."

Agali ya dubi tsagar, ya dubi tumbin, ya sake duban tsagar. Ya ce, "Malam, da wannan rigar?"

"Kai yaro ne. Na bi ta nan a kan raƙumi, raƙumin kuma da ciki!"

Ya tattara hannayen riga ya saɓa a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya shige a karkace. Mun daɗe muna jin kwaram kwaram tana nisa. Agali ya ɗaga kafaɗa, muka bi shi.

Mun sha hawa, kada ka so ka ji. Gwiwar Alhaji har kuka take. Amma da muka isa, gajiyar ta tafi. Ga mu tsaye a kan gadar nan, ja wur, faɗinta ya ishi mota, ƙasa kuma can nesa. Muka duba gabas, muka duba yamma, Jaɗi har ya kwanta rub da ciki ya leƙa gefe. Babu sunan kowa, sai kashin tsuntsaye. Shi ma mai sunan babu shi.

Sai muka ji wata murya daga ƙarƙashin ƙasa, duwatsu na maimaita ta.

"Wayyooo! Jama'a! Wayyo hakarkarina!"

Jaɗi ya zabura ya fara karanta duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa. Agali ya yi dariya ya nuna ƙasa da sanda. Ashe bakin Maƙoshin a daidai ƙarƙashin gadar yake fitowa. Muka leƙa. Ga hula, ga kafaɗu biyu, ga shadda ta cika tsaga tam kamar an toshe kwalba. Taku kaɗan ya rage masa ya fita fili, dutse ya ce bai san zancen ba. Ya cafke shi gaba da baya, wuyan ma ba ya ɗaguwa.

Alhaji Mati ya sa yatsa a baki, alamar mu yi shiru. Ya gyara murya.

"Ci-Hamada! Kai ne a nan?"

Kukan ya tsaya cak. Can sai muka ji, "Alhaji? Ni ne. Hutawa nake yi. Duk zuwan da nake yi a nan nake hutawa."

"A tsaye?"

"Haka ake yi a hamada."

"To ka taimake mu. Buzun nan ya ɓatar da mu, ga mu a bakin wani rami. Ina gadar take?"

Wallahi sai muryar ta dawo da ƙarfinta, kamar yana kan bencin majalisa.

"Ai na faɗa muku! Gada kam da sauran tafiya, ko rabi ba ku yi ba. Ku miƙe gabas, za ku ga wata ƙatuwar kuka. Ku bar ta a hagu. Za ku tarar da rijiya, ku gaishe min da mai ita, ya san ni. Daga nan za ku hango ta, fara fat kamar nono."

"Fara ce?"

"Fara sol! Hoton Jaɗi ne ya ɓata ta."

"To wannan inuwar da ke kanka fa, ta mece ce?"

"Hadari ne ya taso. Ku yi sauri kada ruwa ya tare ku."

Jaɗi ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Ni kuwa hawaye ne ke zuba, dariya ta hana ni numfashi. Alhaji ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Bari mu sauko mu fake tare."

Muka gangara ta gefe muka zo gabansa. Da ya gan mu, ya ɗaga ido da ƙyar ya ga abin da ke bisa kanmu, sai bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa. Gaskiya a nan na ji tausayinsa, don fuskar ta kumbura, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Muka kama hannu muka ja. Ko gezau. Muka ce ya tsuke ciki. Ya ce tun ɗazu a tsuke yake. Sitatin nan ya sha gumi ya bushe ya zama kwali, gurun kaka kuma ya sami wani ƙahon dutse ya rungume.

Agali ya zaro wuƙa ya ce sai an yanka riga.

"Kada ka taɓa min shadda! Gara ka yanki naman!"

Aka yanka shaddar. Kyat, kyat, hawa uku, yana kuka yana kiran sunan tela. Muka sake ja. Ya motsa kamar faɗin yatsa ya sake tsayawa. Sai Jaɗi ya kalli galan ɗin man shanun walima, ya kalli Alhaji. Alhaji ya ce, "Dama dominsa aka kawo." Agali ya hau sama ya tuttule masa shi tun daga wuya. Ci-Hamada ya yi ta ƙyalli yana ƙamshi kamar tuwon suna.

Muna cikin haka sai muka ji "meee" daga bayansa. Agali ya ce, "Af, lokacin shan ruwan awaki ya yi." Ashe hanyarsu ce ta zuwa tafki, kullum ta nan suke bi, yau sun zo sun tarar an sa ƙofa. Garke guda ya yi layi a cikin Maƙoshi. Na gaba suka ji ƙamshin mai, suka fara lasa.

"Wane ne wannan? Kai! Bari! Hi hi hi! Alhaji, ana lasa ta! Wayyo, a daina!"

Suka lashe man, suka haɗa da mazagin wando suka tauna. Sai wani bunsuru mai gemu, da alama shi ne madugunsu, haƙurinsa ya ƙare. Mun ji takunsa yana ja da baya. Mun ji ya taho.

Tim!

Ɓul! Sai ga Nomau ya fito kamar ƙwallon mangwaro daga hannun yaro, ya wuce mu sululu a kan yashi, ya tsaya a daidai tsakiyar inuwar gada. Wando da guru suka zauna a Maƙoshi. Awaki suka bi ta kansa ɗaya bayan ɗaya suka nufi ruwa, ko kallonsa ba su yi ba. Daga yagaggen aljihun jamfa kuma sai ga guduma ta faɗo, ƙwal, ƙatuwar ƙusa ta biyo ta.

Jaɗi ya ɗaga su sama. "Sirrin matafiya!"

Alhaji Mati ya taka ya je bakin tsagar ya tsaya yana kallo. A jikin dutsen, hagu da dama, ga shatin man shanu baƙi ƙirin, ɗaya na tumbi, ɗaya na mazaunai, sun fito raɗau.

Ya ce, "Jama'a, ku zo ku shaida. Mutumin nan bai yi ƙarya duka ba. Suna dai babu, amma ga hatimi har biyu."

Nomau na durƙushe ya kare gabansa da hula, ya ce da ƙaramar murya, "Alhaji, don Allah a rufa min asiri. Ko buhun shinkafar ne a ba ni in ɗaura."

Alhaji ya buɗe jakarsa ya zaro farin rawanin nan sabo dal, ya warware shi. Ya sa Nomau ya miƙe. Ya zagaya masa shi a ƙugu, ya bi ta tsakanin ƙafafu, ya ɗaure tam, har da 'yan kunnuwa biyu a baya. Ya ja da baya ya duba aikinsa.

"Na ce a ƙarƙashin gada zan naɗa maka da hannuna, ga shi na naɗa. Allah ya ja zamanin Nomau Katifa!"