Ƙorafin Tela Kan Ranar Rufe Karɓar Takardun Shiga Jami'a

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Ɗaukar Sababbin Ɗalibai, ma'abocin hatimi da kalanda, wanda agogonsa ba ya jin roƙo.

Bayan gaisuwa irin ta wanda ya san matsayinsa, ina fatan Yallaɓai ya tashi lafiya, shi da kwamfutocinsa baki ɗaya. Ni tela ne, shekara talatin da ɗaya ina kan keke. 'Yata ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma ta ƙwallafa rai sai ta karanci haɗa magunguna a jami'a. A dalilinta na san ofishinku, a dalilinta kuma na zo da ƙorafi huɗu, waɗanda zan gabatar cikin ladabi.

Na ɗaya, ranka ya daɗe, yawan ranakunku. Ranar buɗe fom daban, ranar ɗora hoto daban, ranar kawo wasiƙar shugaban makaranta daban, ga ranar zaɓen kwas, ga ta gyara zaɓen da aka yi. Duk kun jera su a cikin watan da yarinya take karatun jarrabawar fita, har bangon ɗakinta ya cika da takardu ta fara liƙawa a ƙofar banɗaki. Sannan a shafi na uku kuna neman sakamakon jarrabawar da ba ta rubuta ba tukuna. Ni dai a sana'armu sai an auna mutum ake yanka yadi. Amma na san ilimin Yallaɓai ya wuce nawa, wataƙila a manyan makarantu da yankan ake farawa.

Na biyu, hoto. Kun ce baya ya zama fari, kada a yi murmushi, kada girmansa ya wuce kaza. Na rataya farin yadi mafi kyau a shagona, na goge shi da kaina, Auta ta tsaya ta ɗaure fuska kamar wadda aka yi wa laifi. Kwamfutarku ta ce hoton ya yi girma. Muka rage, ta ce ya yi ƙanƙanta. Ni da tef ɗin awo bai taɓa barin wuyana ba, yau ni na'ura za ta koya wa awo? A karo na huɗu ta karɓa, wanda aka ɗauka daidai lokacin da yarinyar take shirin atishawa.

Na uku shi ne babba, don haka ina roƙon Yallaɓai ya gyara zama.

Auta ta yi komai da kanta. Abu ɗaya tak ta bar mini: takardar amincewar uba, wadda zan sa wa hannu, in kai kotu a buga mata hatimi, sannan in miƙa a tagar ofishinku. Ta zo har shago ta ajiye ta a kan keke, ta ce, "Baba, ranar Alhamis tara ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana suke rufewa. In ta wuce, sai na zauna shekara guda a gida." Na ce mata ta ɗauka an gama. Na jefa takardar a durowar maɓallai, inda nake ajiye duk abin da na ɗauka da muhimmanci.

A nan ya kamata in yi wa Yallaɓai bayanin yadda mu teloli muka fahimci rana. In tela ya ce Alhamis, bai yi ƙarya ba, ya dai faɗi inda za a fara magana ne. Mai kaya zai zo Alhamis a ce saura maɓalli, ya zo Asabar a ce saura guga, ranar Talata ya karɓi kayansa a rabu ana dariya. Na ɗauka duk duniya haka ake yi, kuma ban ga dalilin da zai sa ofishi mai daraja kamar naku ya fita daban ba. Ranar Litinin Auta ta tambaye ni, na ce gobe. Ranar Laraba ta sake tambaya, na ce ai gobe ce ranar, saurin me ake yi? Sai ta ce, "Baba, su fa ba a ce musu saura guga." Ta faɗa a hankali, ba ta ko ɗaga murya ba, amma a daren nan na ciro takardar daga durowa.

Alhamis da safe na tafi kotu, na tarar mai hatimi ya tafi taro, wai sai gobe. Yallaɓai, ban taɓa sanin kalmar nan tana da ɗaci haka ba. Na zauna a benci ina kallon agogon bango har sha biyu ta buga. Na koma gida na kasa cin abinci, na kasa haɗa ido da yarinyar. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, domin shekara guda ta rayuwar 'yata na jefa cikin durowar maɓallai.

Washegari na samu hatimi, na taho ofishinku da gudu, gumi sharkaf, tef a wuya. A taga ta biyu na samu wata ma'aikaciya mai tabarau. Na durƙusa iya yadda gwiwa ta yarda, na zazzage mata uzurin shekara talatin: an ɗauke wuta, keke ya lalace, an yi baƙi, hanya ta cushe. Ta bar ni sai da na kai aya. Sannan ta karɓi takardar, ta buga mata lamba, ta ce, "Baba, ai saura kwana tara a rufe. Sai sha tara ga wata." Ta kalli tef ɗin wuyana, ta ƙara da cewa, "Baba tela ne, ko?"

Ƙorafina a nan shi ne, me ya hana ta katse ni tun a ɗauke wuta? Ya dace ma'aikaciyar hukuma ta bar dattijo ya kai har kan baƙi a gaban layi?

Na huɗu, da farko na yi niyyar zarginku da ɓata tarbiyyar yara, tunda neman gurbinku ne ya sa 'yata ta zabge wa mahaifinta kwana goma daga kalanda. Da na tuhume ta, sai ta tuna mini cewa tun tana aji ɗaya a gefen kekena take aikin gida, kuma ta lura duk masu wayon cikin masu kawo ɗinki ranar ƙarya suke ba ni, su ce bikin Asabar ɗin nan ne alhali sai ta sama. Na juya wajen mahaifiyarta neman goyon baya, ashe da ita aka shirya. Wai Auta kwana bakwai ta so ragewa, uwar ce ta ce a mayar goma, don akwai yadinta da ya shekara huɗu a shagona. Saboda haka na janye wannan ƙorafi, amma ina so a rubuta cewa na janye shi ne ba da son raina ba.

Buƙatuna ba su da yawa. A tattara ranakun nan a shafi ɗaya, da manyan baƙaƙe. A buga kalanda iri biyu, ta ɗalibai mai ranar gaskiya, da ta iyaye maza wadda aka rage wa kwana goma, kuma kada a gaya mana wacce ce tamu. A kuma yi wa kwamfutar hoto nasiha.

Ta ƙarshe ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Takardar Auta tana hannunku, cikakkiya, ta kuma shiga a kan lokaci duk da irin uban da Allah ya ba ta. Ku duba ta da idon rahama. An ce mini masu karatun magunguna farar riga suke sakawa a ɗakin gwaji. Farin yadin nan da na rataya don hoto, na sauke shi na yanka. Na ɗinke rigar, na sa maɓallai, na goge, tana rataye a shago cikin leda, Auta ba ta ma sani ba. A shekara talatin da ɗaya, wannan ne ɗinki na farko da na gama ba a ko ba ni rana ba. Yanzu ni ne mai jira, Yallaɓai. Don Allah kada ku ce mini gobe.

Naka mai biyayya, wanda daga yau yake duba kalanda sau biyu,

Tela, baban Auta